Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewacin Nijeriya Kan Kwas Ɗin Falsafa Na GST 212

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, wannan wasiƙa ta fito ne daga wasu malamai da ke koyar da falsafa da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a jami'o'i da kwalejojin wannan yanki. Muna magana da yawun kanmu, da kuma yawun ɗaliban da ke zama gabanmu kowane zango. Muna fatan daraktocin sashen darussan gama-gari, wato GST, da majalisun karatu na jami'o'inku za su ɗauka cewa da su ma muke.

A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS. A cikinta, kwas ɗin falsafa da manɗiƙi da zaman ɗan Adam, wanda a tsohon tsari ake yi a aji ɗaya da lambar GST 112, ya koma aji biyu da lambar GST 212. Yunit biyu ne, awa 30 na lacca. Wajibi ne a kan mai karanta likitanci da mai karanta injiniya da mai karanta Hausa. Ga mafi yawan ɗalibanmu, waɗannan awa 30 su kaɗai ne lokacin da jami'a ta keɓe domin su zauna su tambayi kansu: me nake nema a duniya, kuma wace hujja nake da ita cewa ya cancanci nema? Kokenmu shi ne ana ɓarnatar da wannan lokaci, kuma gyaran bai fi ƙarfinku ba.

Mu fara da girman aji, domin daga nan sauran matsalolin suke tasowa. An saba tara ɗaliban tsangayoyi da yawa a ɗakin lacca guda, malami ɗaya da lasifika ɗaya, na baya ba sa jin na gaba. A ɗauka ajin mutum 1,000 ne. Idan malamin ya ba su rubutun shafi biyu, ya ɓata minti goma a kan kowace takarda, zai ci kusan awa 167, wato fiye da mako huɗu na aiki ba ya taɓa komai sai maki. Babu malamin da zai yi haka ga kwas mai yunit biyu alhali yana da darussan sashensa. Sai a koma ga jarrabawar kwamfuta ta canki-canka. Ita kuwa kwamfuta abin da take iya tambaya shi ne wane ne ya ce ruwa ne asalin komai, ko a wace shekara aka yanke wa Sokratis hukuncin kisa. Ɗalibi zai danna Talis, ya danna 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ci maki cikakke, ya fita bai taɓa gina hujja ɗaya da kansa ba. Kamar a haddace wa yaro sunayen ƙoshiya da allera ne a ce ya zama masaƙi. Da yake jarrabawa ce ke jan karatu, laccar ma sai ta zama jeren sunaye, handawut ya zama jeren ma'anoni, ɗalibai kuma su gane tun mako na biyu cewa zuwa aji ba dole ba ne, tsofaffin tambayoyi sun wadatar.

Koke na biyu ya fi wannan nauyi. Yadda ake jera darasin, daga Girka a tsallaka Faransa da Jamus, yana nuna wa ɗan Kano ko ɗan Gusau cewa wannan ilimi baƙo ne, kakanninsa ba su san shi ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya wallafa waƙe a kan manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halascin fannin lokacin da Suyuɗi ya haramta shi. A zaurukanmu an daɗe ana karanta littattafan manɗiƙi irin su Sullam na Abdurrahman Al'akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, da Isaguji na Abhari. Duk almajirin da ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi ya fara ne da hukunce-hukuncen hankali guda uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kafin a kai shi ga siffofin Ubangiji. A Daular Sakkwato akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan falsafa, har da waƙensa Kulliyatul Alamis Sitta da ke magana kan ruhi da rai da jiki, mafarinsu da makomarsu. Ku duba handawut ɗin da ke hannun ɗalibanku, da wuya ku ga ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye.

Abin da wannan giɓi ke haifarwa muna ganinsa a aji. Yawancin ɗalibai suna shigowa da labarin da suka ji a gida ko a majalisa cewa falsafa ƙofar kafirci ce. Idan darasin bai fuskanci wannan tsoro gaba da gaba ba, sai ɗalibi ya toshe kunnensa, ya haddace don tsira daga kariyoba. Wani ɗan kaso kuma, galibi masu kaifin basira, sukan juya ɗaya gefen: su tsinci guntayen maganganun masana falsafar Turai irin su Nitshe ko Albert Kamu a Facebook da TikTok, babu malami, babu asalin littafi, su ɗauka sun gano abin da aka ɓoye musu. Duka biyun an cuce su, kuma maganinsu ɗaya ne, a sa su karanta nassi da idonsu.

Nassin da ya fi dacewa a fara da shi a nan yankin shi ne Almunƙizu minad Dalal na Imam Gazali, domin ba wanda zai tuhumi marubucinsa da raina addini, kuma gajere ne. Gazali yana shugaban malamai a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana karantar da ɗalibai kusan 300, sai ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ƙulle ya kasa karantarwa, sannan ya bar birnin a 1095. Ga mutumin da ya kai ƙololuwar abin da ɗalibanmu ke mafarki, ya tsaya ya tambayi kansa amfaninsa. A littafin ya kasa masu neman gaskiya gida huɗu ya auna kowanne. Da ya zo kan masana falsafa bai yi musu kuɗin goro ba, ya raba iliminsu fanni shida: lissafi, manɗiƙi, ilimin halittu, ilahiyyat, siyasa da ɗabi'a. Ya ce lissafi da manɗiƙi ba su da wata rigima da addini, har ya gargaɗi mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare Musulunci cewa cutar da addinin yake yi. Rigimarsa tana cikin ilahiyyat, wato abin da ya shafi Ubangiji, inda a littafinsa Tahafutul Falasifa ya lissafa mas'aloli 20, ya kafirta a uku kawai: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Ɗalibin da ya san wannan rabe-rabe ya daina tsoron fannin gaba ɗayansa, ya kuma san takamaiman inda malamansa suka ja layi. Daga nan ana iya nuna masa cewa Ibn Rushd, wanda alƙali ne Bamalike a Ƙurɗuba, ya mayar da martani, muhawarar kuma ta gudana tsakanin malamai da hujja. Haka nan gaskiya ta wajabta a gaya masa cewa Ibn Salah da Imam Nawawi sun haramta manɗiƙi, kamar yadda shi mai Sullam ya kawo, kafin ya rinjayar da halasci ga mai cikakkiyar basira da ya laƙanci Alƙur'ani da Sunna. Ɓoye saɓanin shi ke sa ɗalibi ya zargi malami idan ya ji shi daga wani bakin.

Wani zai ce Musulmi ya riga ya san dalilin halittarsa, aya ta 56 a Suratuz Zariyat ta faɗa, bauta ce, to me ya rage a bincika? Mun yarda da ayar. Amma ku tambayi ɗan aji biyu yadda bautar ta shafi zaɓen kwas, ko karɓar aikin da ya san akwai cin hanci a ciki, ko haƙuri da shekara biyar ba aiki bayan bautar ƙasa, za ku ga amsar tana bakinsa amma ba ta haɗu da rayuwarsa ba. Aikin aji shi ne haɗa su. Ga yadda ake yi a zama ɗaya na awa guda. Malami ya tambayi ɗalibi don me yake karatu. Don digiri. Digirin don me? Don aiki. Aikin don me? Don kuɗi. A ci gaba har a iso abin da ba a nemansa don wani abu daban. Wannan ita ce hanyar Aristo a farkon littafinsa na ɗabi'a, inda ya auna rayuwar jin daɗi da ta neman girma da ta tunani, ya ce kuɗi tsani ne kawai, girma kuma yana hannun masu bayarwa, ranar da suka so su janye. Bayan haka kowa ya rubuta tasa sarƙar a shafi ɗaya, ya ja layi a mahaɗin da ya fi rauni. Sai a kawo manɗiƙi ya yi aikinsa. A rubuta a allo: duk wanda ya ci nasara a rayuwa ana girmama shi, ana girmama Alhaji wane, saboda haka ya ci nasara. Kusan duk ajin zai amince. Sannan a nuna musu cewa wannan ƙiyasi ne a sigar da ake kira shakali na biyu, sharaɗinsa kuwa ɗaya daga cikin muƙaddimomin biyu, wato jimlolin da aka gina hujjar a kansu, ta zama korarriya, nan kuma duka biyun tabbatattu ne, don haka natijar ba ta biyo ba. Wanda ya gane wannan sau ɗaya zai riƙa tsinkayarsa a wa'azi da kamfen da tallan 'yan damfara. Irin wannan zama ba ya yiwuwa da mutum dubu.

Ajinmu ba na Musulmi kaɗai ba ne. Ɗalibi Kirista yana da littafin Mai Wa'azi a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda ya auna dukiya da hikima da jin daɗi ya kira su banza, yana kuma da Agustin, bishop na Hippo a gabar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430 bayan ya rubuta tarihin neman da zuciyarsa ta yi. A ɗora su gefen Gazali a mako guda. Akwai kuma ma'aunin Bahaushe na mutumin kirki, wanda Anthony Kirk-Greene ya tattara a laccarsa da aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Haddace goman ba shi ne darasin ba. Darasin yana inda biyu suka yi karo, kamar ma'aikacin da kunyar surukinsa ke hana shi yin adalci, ko abokin da aka ba amanar sirri alhali gaskiya na neman ya tona.

Koke na uku gajere ne. A wurare da yawa ana miƙa kwas ɗin ga duk malamin da jadawalinsa ke da sarari, ko da bai taɓa karanta manɗiƙi ba. Ba laifinsa ba ne idan ya karanto handawut ɗin wanda ya gabace shi.

Na huɗu shi ne harshe. Yaron da ke fama da Ingilishi, idan aka haɗa masa da tunani mai zurfi, nauyi biyu ne, sai ya ajiye tunanin ya ɗauki kalmomin. Muna ganin ɗalibin da ya yi shiru a lacca ya zama gwanin muhawara da zarar an ce ya faɗa da Hausa. Amma nassoshin falsafa da aka fassara zuwa Hausa ingantacciya, masu sharhi, sun yi ƙaranci ƙwarai.

Na biyar shi ne tsoro, kuma ba ma so a ɗauke shi da wasa. Malamin falsafa dole ne ya faɗi ra'ayin da bai yarda da shi ba kafin ya warware shi, kamar yadda Gazali da kansa ya fara rubuta manufofin masana falsafa kafin ya yi musu raddi. Yau kuwa ɗalibi ɗaya na iya naɗar daƙiƙa ashirin na bayanin, ya yanke raddin, ya watsa a WhatsApp. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da guntuwar murya ta taɓa jawowa. Saboda haka malamai da yawa suna tsallake duk wani batu mai rai, su tsaya kan sunaye da shekaru, inda babu haɗari.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A bar babbar lacca yadda take, awa ɗaya a mako, amma awa ta biyu a mayar da ita zaman ƙananan rukunai na mutum 25. Ajin mutum 1,000 zai ba da rukuni 40. Idan kowane mai jagora ya riƙe huɗu, mutum goma sun isa, kowannensu awa huɗu a mako, kuma takardu 100 ne za su zo hannunsa, wato kusan awa 17 na maki maimakon 167. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan falsafa, nazarin addinin Musulunci da na Kirista, Larabci, shari'a da Hausa za su iya, idan aka ba su horon mako biyu kafin zango da alawus ɗin da ake biya a kan lokaci. Inda ake tuntuɓe a wannan tsari sananne ne. Idan ba a sa awar rukuni a jadawalin jami'a ba, sassa za su cinye ta da nasu darussan. Idan ba ta da maki, ba mai zuwa. Idan aka riƙe alawus, jagororin za su watse kafin tsakiyar zango. Mafi yawan kuɗin da ake buƙata bai wuce wannan alawus ba.

A sake rabon maki. Muna ba da shawarar 40 cikin 100 su tafi ga aikin zango: rubutu biyu masu shafi biyu-biyu, maki 15 kowanne, da maki 10 na halarta da muhawara. A jarrabawar ƙarshe, kwamfuta ta ɗauki rabin 60 ɗin don gwada ƙa'idojin manɗiƙi, wanda tana iya yi da kyau, ɗaya rabin ya zama rubutu da hannu. Ɗaya daga cikin rubutun zango a yi shi a aji, gaban mai jagora, domin yanzu waya na iya rubuta wa ɗalibi komai. Ma'aunin maki kuma ya fito fili tun makon farko: an bayyana da'awa, an kawo hujja, an faɗi ƙalubale mafi ƙarfi da gaskiya, an amsa shi. Ba a ba da maki don ra'ayin ɗalibi ya dace da na malami.

A maye gurbin handawut da ɗan kundin nassoshi da bai wuce shafi 80 ba, kowane nassi shafi biyar zuwa takwas, Ingilishi a gefe, Hausa a gefe, Larabci inda asalin Larabci ne. Cikin makonnin zango, huɗu na farko su tafi ga manɗiƙi da gano kurakuran hujja, shida ga nassoshin da ke magana kan manufar rayuwa, biyu ga gadon wannan yanki, saura bita. Kanun da NUC ta shimfiɗa duk suna shiga wannan tsari ba tare da an zubar da ko ɗaya ba. Kamu, wanda a 1942 ya buɗe littafinsa da tambayar ko rayuwa ta cancanci a ci gaba da ita, a ajiye shi zuwa ƙarshe, bayan ɗalibai sun sami abin aunawa. Fara kwas da shi kuskure ne da muka ga illarsa.

Aikin fassarar a haɗa kai a yi shi sau ɗaya. Jami'o'i biyar ko shida su kafa kwamiti guda, kowane nassi ya bi ta hannun mutum uku: masanin harshen asali, masanin falsafa, da masanin Hausa, sannan a gwada shi a aji zango ɗaya kafin bugu. Ga kalmomin fannu, a fara da waɗanda malaman zaure ke amfani da su tun tuni, irin su ƙiyasi da muƙaddima da natija, kafin a ƙirƙiro sababbi. Hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, tana da kason buga littattafan ilimi da za a iya nema. Don rubuce-rubucen ɗan Tafa da takwarorinsa, a tura masu bincike ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, a kuma tuntuɓi iyalan malamai masu riƙe da kwafe. Manhajar CCMAS ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Muna roƙon a yi amfani da wannan dama a buɗe kwas na zaɓi a aji uku kan manɗiƙi da falsafa a tarihin malaman Afirka ta Yamma.

Majalisar karatu ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida ta zaman muhawara, a karanta ta ranar farko kowa ya sa hannu. Babu naɗar murya ko bidiyo sai da izini. Ba a sukar ra'ayin wani sai an maimaita shi har mai shi ya ce haka yake nufi, wanda tsohon ladabi ne na munazara a wurin malamanmu. Mai jagora ba ya ba da fatawa, ba ya bari zama ya rikiɗe ya koma rigimar Izala da Ɗariƙa ko ta masallaci da coci. Ɗalibin da ya ji an taɓa addininsa ya san ofishin da zai kai ƙara, kwamitin da ya ƙunshi malamin addinin Musulunci da na Kirista ya saurari cikakken bayanin cikin mako guda, jami'a kuma ta tsaya wa malaminta har a gama bincike.

Roƙo na ƙarshe ya shafi abin da falsafa ba ta iya yi. A duk zango akan sami ɗalibin da zai rubuta cewa rayuwarsa ba ta da amfani, kuma ba muhawara yake yi ba. Idan hakan ya haɗu da daina zuwa aji, rashin barci, janyewa daga abokai ko maganar mutuwa, wannan ciwon damuwa ne mai buƙatar likita, hujjar Aristo ba za ta warkar da shi ba. A horar da kowane mai jagora ya gane waɗannan alamu, a ba shi lambar sashen ba da shawara da ta asibitin jami'a, a kuma umarce shi ya raka ɗalibin da ƙafarsa a ranar, kada ya tsaya ga cewa "ka je ka gan su".

Ba mu ce a yi duk wannan lokaci guda ba. Kowace jami'a ta zaɓi tsangaya ɗaya ta gwada tsarin rukunai a zango mai zuwa, a ajiye rubutun ɗalibai na makon farko da na makon ƙarshe, a kawo su gaban majalisar karatu ta karanta da kanta ta yanke hukunci. A shirye muke mu tsara kundin nassoshin da horon jagorori idan daraktocin GST suka kira mu zama kafin a fitar da jadawalin zangon.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wasu malaman falsafa da manɗiƙi a manyan makarantun Arewacin Nijeriya